Windows da Linux a Kwamfuta Ɗaya: Ina Take Maƙalewa Idan Ta Ƙi Tashi?

"Kawu, komai nawa ya tafi." Da wannan ɗan yayata ya buɗe baki da ya kira ni bayan sallar isha'i, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. Wata biyar ya yi yana tara kayan kwamfutar nan da ɗan abin da yake tsimi, madabod, babban allon da ake jona komai a kansa, a wannan watan, ram a wata mai zuwa, har ya ɗaura ta da hannunsa. Ya ɗora mata Windows a kan sabon faifan SSD saboda manhajar zanen gini da suke aiki da ita a makaranta, ya ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, a wani SSD ɗin daban saboda yana koyon rubuta manhaja. Ta yi wata biyu lafiya lau. Ran nan ya danna makunni, fanka ta juya, tambarin madabod ya fito, daga nan sai baƙin allo da layi ɗaya na Turanci: Reboot and Select proper Boot device. Babu Windows, babu Ubuntu. Ya kwatanta wa wani mai gyara, aka ce ya kawo ta a yi mata formatin.

Na ce kada ya kai ta ko'ina. Sannan na yi masa tambayar da nake yi wa duk wanda ya zo mini da irin wannan: me ka taɓa na ƙarshe kafin ta daina tashi? Ya ce bai taɓa komai ba. Can ya nisa, ya ce sai dai tsohon faifan nan mai juyawa da ya ciro daga kwamfutar babansa, jiya ya zare shi zai ba ƙanwarsa. "Amma ai babu komai a kansa, Kawu, tsofaffin hotuna ne kawai." Na ce ya mayar da shi inda ya ciro shi. Ba a yi minti goma ba ya sake kira: ta tashi, jerin zaɓin nan ya dawo, Ubuntu a sama, Windows a ƙasa, ko fayil ɗaya bai ɓata ba.

Abin da ya sa tsohon faifan da "babu komai a kansa" ya iya kwantar da manyan manhajoji biyu da ke zaune a wasu faifan daban, shi ne zuciyar wannan batu. Tashin kwamfuta ba aiki ɗaya ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa wurin gini ranar zuba dakin ya ga yadda leburori ke jeruwa a kan tsani suna miƙa kwanon kankare hannu da hannu har sama. Haka take tashi. Wuta ta miƙa wa madabod, madabod ya miƙa wa BIOS, 'yar manhajar da ke zaune a jikinsa, BIOS ya nemo ƙaramar manhajar tayarwa a kan faifai ya miƙa mata, ita kuma ta miƙa wa Windows ko Linux. Idan kwano bai iso sama ba, ba a rushe ginin. Dubawa ake yi a ga hannun da ya tsaya. Sau da yawa a kwamfuta mai manhaja biyu, kayanka suna nan daram, adireshinsu ne ya ɓata. Formatin kuwa kayan yake sharewa, kuma in matsalar ta ram ce ko ta wuta, bayan mako guda za ta dawo ta same ka ba ka da komai.

Saboda haka aikin farko kallo ne. Kunna ta, ka zuba ido, ka lura da abu na ƙarshe da ya fito kafin ta tsaya. In akwai rubutu, ɗauki hotonsa da waya.

Idan ko tambarin madabod bai fito ba, manta da Windows, manta da Linux, ba a ma iso wurinsu ba. Kafin komai, BIOS yana duba kayan jikin injin, dubawar da ake kira POST, kuma a nan ta faɗi. Madabod da yawa na zamani suna da ƙananan fitilu huɗu a gefe, an rubuta CPU, DRAM, VGA da BOOT a jikinsu. Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda aka maƙale. A injin da aka haɗa a gida, laifin yakan zama ƙarami. Ram bai zauna ba, domin mai sabon hannu yana jin tsoron dannawa da ƙarfi har maƙallin ya ce ƙas. An sa babbar wayar wuta mai baki 24 an manta da mai baki 8 ta can saman kusurwa wadda ke ciyar da furosesa. An jona monita a jikin madabod alhali katin hoto ne ya kamata ya ba da hoton. In furosesan Intel ne mai harafin F a ƙarshen lambarsa, ba ya fitar da hoto da kansa ko kaɗan. Ram biyu kuma, a yawancin madabod masu gurbi huɗu, gurbi na biyu da na huɗu ake sa su, waɗanda aka yi wa laƙabi A2 da B2. Akwai kuma wanda ba lalacewa ba ce sam: sababbin injuna masu ram na DDR5, musamman na AMD da suka fara fitowa a 2022, kan shafe mintoci allo baƙi ƙirin a tashin farko suna daidaita ram. Mutane da yawa kan zare wuta a wannan gaɓar don sun zaci ta mutu. A ba ta lokaci. In duk wannan bai yi ba, a zare komai a bar furosesa da ram ɗaya tak, a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na 'yan mintoci domin saitin BIOS ya koma na asali, sannan a riƙa mayar da kaya ɗaya-ɗaya.

Idan tambari ya fito, Del ko F2 ya shigar da kai BIOS, to jikin injin da sauƙi. Yanzu aka zo inda gizo ke saƙar, kuma dole a ɗan koma baya domin hanyoyin tashi biyu ne, tsohuwa da sabuwa, kuma rabin rikicin manhaja biyu daga cakuɗa su yake.

Tsohuwar hanya ta samo asali ne tun kwamfutar IBM ta 1981, tsarin raba faifanta mai suna MBR kuma ya zo a 1983. BIOS na wancan zamani bai san fayil ba, bai san folda ba. Abin da ya iya kawai shi ne ya je farkon faifai ya karanta bayit 512 na farko ya bi umarnin da ya tarar. Cikin wannan ɗan wuri, bayit 446 ne na manhajar tayarwa, sauran na jadawalin ɓangarori huɗu ne da hatimin ƙarshe. Kujera ɗaya ce ke nan. Duk wanda aka ɗora daga baya sai ya ture na farko ya zauna. Daga nan ne tsohuwar shawarar nan ta fito, cewa a fara sa Windows kafin Linux, domin GRUB, manhajar tayarwa ta Linux, ya san yadda zai ba Windows hanya, amma ta Windows ba ta saka Linux cikin lissafi.

Sabuwar hanya ita ce UEFI, wadda Intel ya faro da sunan EFI, gamayyar kamfanoni suka karɓe ta a 2005. Har yau bakinmu BIOS yake cewa, amma duk madabod ɗin da za ka saya sabo UEFI ne a cikinsa. UEFI ya iya karanta fayil. A kan faifai mai tsarin GPT, sabon tsarin raba faifai da ya gaji MBR, akwai wani ɗan ɓangare da ake kira ESP, mai tsarin FAT32, wanda Windows ya daɗe yana yanka wa megabayit 100 kacal. Ba ya fitowa cikin jerin C da D, shi ya sa mutane ba su san da zamansa ba. A cikinsa kowa da ɗakinsa. Windows yana folda EFI\Microsoft\Boot, fayil ɗinsa bootmgfw.efi. Ubuntu yana EFI\ubuntu, da shimx64.efi da grubx64.efi. Babu wanda ya zauna a kujerar wani. Sannan a jikin madabod ɗin kansa akwai wata 'yar ma'adana da ake kira NVRAM, wadda ke riƙe da jerin sunaye: wane yana faifai kaza, ɓangare kaza, fayil kaza, kuma wane ne za a fara kira. Abubuwa uku ke nan da dole su dace da juna: jerin da ke madabod, fayilolin da ke ESP, da babbar manhajar da ke nata ɓangaren. Kowanne na iya ɓacewa ya bar sauran biyun lafiya.

A injin ɗan yayata na tsakiyar ne ya ɓace. Tsohon faifan babansa ya taɓa ɗaukar Windows, don haka da ESP ɗinsa ya zo. Haka manhajojin girkawa suka saba: in suka tarar da ESP a cikin inji, sukan yi amfani da shi maimakon su yanka sabo. Windows ya zauna a sabon SSD amma ya ajiye makullinsa a tsohon faifai, Ubuntu ma da ya zo ya bi sahu. Da aka zare faifan, an zare ƙofar gidaje biyu a lokaci guda. Da an yi formatin ɗin nan, da an share aikin zangon karatu guda saboda fayilolin da ba su kai girman hoton waya goma ba.

Wanda ya fi wannan yawa shi ne kukan da ake yi cewa Windows ya cinye GRUB. Jiya jerin zaɓi yana fitowa, yau inji ya zarce Windows kai tsaye, galibi bayan wata babbar sabuntawa ko bayan an sabunta BIOS. A zamanin MBR maganar gaskiya ce. A UEFI kuwa da wuya a ce an goge wani abu. Layi ne aka sauya, Windows Boot Manager ya koma gaba, ko kuma sabunta BIOS ya wanke jerin NVRAM, madabod ya nemo Windows da kansa domin ya san adireshinsa, bai nemo Ubuntu ba. Gwajin ba ya cin minti ɗaya. Lokacin da tambari ya fito ka danna maɓallin zaɓin tashi: F8 a madabod na ASUS, F11 a MSI da ASRock, F12 a Gigabyte. In ka ga sunan ubuntu a jerin, zaɓe shi, ka shiga, sannan ka gyara layin a BIOS ko da umarnin efibootmgr. Wannan umarni yana nuna kowane suna da lambarsa, kamar Boot0000 da Boot0002, in ka rubuta sudo efibootmgr -o 0002,0000 ka mayar da na biyun gaba. In sunan ma babu, sai a tashi da filas mai Linux, a shiga cikin Linux ɗin da ke kan faifai ta hanyar umarnin chroot, a sake grub-install. Shi zai rubuta sunan a NVRAM. Akwai manhajar Boot-Repair da ke yin wannan da dannawa ɗaya, tana kuma aiki, sai dai na fi son mutum ya fara karanta rahoton da take fitarwa kafin ya bar ta ta taɓa komai.

Maganar filas ta kawo mu ga tarkon da ya fi kama masu haɗa inji da kansu. Madabod da yawa suna da saitin CSM, wanda ke barin UEFI ya kwaikwayi tsohon BIOS. In yana kunne, filas ɗaya kan fito sau biyu a jerin tashi, ɗaya da kalmar UEFI a gaban sunansa, ɗaya babu. Wanda ka zaɓa shi ke yanke hanyar da za a girka manhajar. Sai mutum ya sa Windows ta sabuwar hanya, ya sa Linux ta tsohuwa bai sani ba. Kowanne lafiyarsa ƙalau, amma GRUB ɗin da ya tashi ta wata hanya ba zai iya miƙa wa Windows ɗin da ke ɗaya hanyar ba, ko kwana za ka yi kana update-grub. Yadda za ka gane: a Windows buɗe msinfo32 ka duba layin BIOS Mode, zai ce UEFI ko Legacy, a Linux duba ko akwai folda /sys/firmware/efi, in akwai ta UEFI ka tashi. A ganina duk mai haɗa inji yau ya kashe CSM tun kafin ya girka komai. Windows 11, wanda ya fito a Oktoban 2021, dama UEFI yake buƙata tare da TPM 2.0, wata 'yar ma'adanar makullan tsaro da ke jikin injin, kuma an daina tallafin Windows 10 na gama-gari tun 14 ga Oktoba, 2025. Mai tsohon Windows a kan MBR yana iya juya shi da mbr2gpt, bayan ya kwafe kayansa wani wuri.

In hanyar ɗaya ce amma duk da haka Windows bai fito a jerin GRUB ba, dalilin yakan zama os-prober, ɗan aiken da ke zagayawa ya nemo sauran manhajoji. Tun GRUB 2.06 na 2021 an kashe shi daga tushe saboda tsaro, kowane nau'in Linux da yadda ya yi da wannan hukunci. Ƙara layin GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false a fayil ɗin /etc/default/grub, ka sake update-grub, sai Windows ya bayyana.

Akwai allon da ya fi tsorata mutane, baƙi mai ɗauke da grub> ko grub rescue> da ɗan layi yana ƙyafta ido. Ni kuwa in na gan shi hankalina kwanciya yake, domin ya nuna wuta lafiya, madabod lafiya, NVRAM lafiya, ESP lafiya, kwano ya hau har kusa da sama. GRUB ya tashi, sauran kayansa da ke ɓangaren Linux ne bai gani ba. Ko dai an matsar da ɓangarori, ko an yi wa ɓangaren formatin lambar shaidarsa ta UUID ta sauya, ko kuma, wanda ya fi yawa, mutum ya gaji da Linux ya goge ɓangarensa daga cikin Windows don ya sami fili, ya manta GRUB ne ke buɗe masa ƙofa kullum. Na ƙarshen nan maganinsa a BIOS yake: a mayar da Windows Boot Manager gaba. Ga sauran, rubuta ls, zai jero maka (hd0,gpt1), (hd0,gpt2) da sauransu. Bi su ɗaya-ɗaya da ls (hd0,gpt2)/ har ka ga wanda ke ɗauke da boot da etc da home. In a grub> kake, configfile (hd0,gpt2)/boot/grub/grub.cfg zai dawo maka da jerin. In a grub rescue> ne, sai set prefix=(hd0,gpt2)/boot/grub, sannan insmod normal, sannan normal. Wannan na tashi ɗaya ne kawai. Da ka shiga, ka yi grub-install da update-grub domin gyaran ya zauna.

Sai Secure Boot, wanda ya yaɗu tare da Windows 8 a 2012. Aikinsa shi ne hana madabod miƙa wa duk manhajar tayarwar da ba ta da sa hannun da ya yarda da shi, don kada wata muguwar manhaja ta riga babbar manhaja tashi. Ubuntu da Fedora da Debian suna wucewa ne ta shim, wato fayil ɗin shimx64.efi da na ambata, wanda Microsoft ya sa wa hannu, shi kuma ya tantance GRUB. Tsarin yana aiki, amma duk lokacin da aka gano ɓaraka a GRUB sai an soke tsofaffi, kuma sokewar kan taka wasu. A 2020 gyaran ɓarakar da aka yi wa laƙabi da BootHole ya hana wasu injunan Linux tashi. A watan Agustan 2024 wata sabuntawar Windows ta shigar da dokar SBAT mai ƙin tsofaffin shim; Microsoft ya ce ba a nufi injuna masu manhaja biyu da ita ba, amma ta isa wasunsu, masu su suka wayi gari da saƙon Verifying shim SBAT data failed: Security Policy Violation. Mafitar ita ce a kashe Secure Boot na ɗan lokaci, a shiga Linux, a share dokar da mokutil --set-sbat-policy delete, a sabunta komai, a mayar da shi. Wannan ne ma dalilin da ya sa tsohon filas ɗin Linux da ya shekara a aljihun jaka kan ƙi tashi a injin da ya taɓa tayarwa. Kashe Secure Boot don gwaji daidai ne. Barinsa a kashe har abada saboda ƙyuya, ban goyi baya ba.

Amma kafin ka taɓa shi, ko ka sabunta BIOS, ko ka cire batirin madabod, tsaya ka tambayi kanka ko faifan Windows ɗinka a kulle yake da BitLocker. Wannan ne wuri guda da gyaran tashi ke iya jawo asarar gaske. BitLocker yana ajiye makullinsa a TPM, TPM kuma yana auna yadda inji ya tashi. In ya ga hanyar ta sauya, sai ya riƙe makullin, shuɗin allo ya fito yana neman lambobi 48. Daga Windows 11 na 24H2, sabon girki yakan kulle faifai da kansa in an shiga da asusun Microsoft, ko mai injin bai nema ba. Lambobin suna cikin wannan asusun. Nemo su tun inji na lafiya, ka rubuta a takarda da biro. Babu mai gyaran da zai iya buɗe maka faifan in babu su.

To in jerin GRUB ya fito lafiya, ka zaɓa, sannan ta maƙale fa? Yanzu matsalar ta cikin gida ce, kowace manhaja da tata.

A Linux, baƙin allo bayan zaɓi yawanci rigimar katin hoto ce, musamman na Nvidia. Danna e a kan sunan a jerin, ka nemo layin da ke da quiet splash, ka goge su ka sa nomodeset, ka danna F10. Goge su zai sa ka ga rubutun da ke gudana da inda ya tsaya, nomodeset kuma zai ba ka hoto mai sauƙi har ka gyara direban, wato manhajar da ke tuƙa katin. In bayan sabuntawa ne abin ya fara, shiga Advanced options ka zaɓi kenel, wato zuciyar Linux, na bugun da ya gabata. Don irin wannan rana ake ajiye shi. In kuma ta jefa ka emergency mode, fara da fayil ɗin /etc/fstab, jerin faifan da Linux ke hawa da su yayin tashi: an rubuta wani faifai a ciki wanda yanzu babu shi, ko UUID ɗinsa ya sauya. Umarnin blkid zai nuna lambobin gaskiya ka kwatanta, faifan da ba dole ba kuma a sa masa nofail don rashinsa kada ya tsayar da tashi. Mu da ake ɗauke wa wuta ba sallama muna da ƙarin namu: inji na tsakar rubutu wuta ta tafi, in ta dawo sai ka tarar da (initramfs) yana cewa a yi fsck, wato duba faifai da gyara shi, da hannu, har da sunan ɓangaren. Rubuta fsck -y da wannan sunan, ka jira ya gama, ka rubuta reboot. Kwamfutar tebur ba ta da batir irin na laftof. Wanda ya kashe kuɗi ya haɗa ta ya sa UPS cikin lissafin kayan tun farko.

A Windows, shuɗin allo mai INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE yana da alaƙa ta kai tsaye da manhaja biyu. Mai girka Linux bai ga faifai ba saboda saitin faifai a BIOS yana kan RAID ko Intel RST, aka ba shi shawara ya mayar AHCI, Linux ya gani, Windows kuma ya rasa direban da ya saba tashi da shi. Mayar da saitin yadda yake, ka shiga Windows, ka umarce shi ya tashi a Safe Mode, sannan ka sauya zuwa AHCI. A wannan tashin zai ɗauki direban da ya dace. Lambobi irin 0xc000000e da 0xc0000225 kuwa suna nufin kundin tashi na Windows ya daina nuna inda Windows yake, bcdboot ke sake gina shi. Sannan akwai Fast Startup, wanda shi ma ya zo da Windows 8: in ka kashe inji ba ya mutuwa duka, dogon barci yake yi, ya bar faifansa a riƙe. Linux zai ƙi rubutu a kan wannan faifan, wani lokaci ma katin Wi-Fi ya ƙi aiki. Umarnin powercfg /h off a Windows yana kashe shi, kuma duk mai manhaja biyu ya kamata ya yi hakan ranar farko.

Agogon da ke ja baya da awa ɗaya a Windows duk lokacin da ka fito daga Linux ba batir ba ne. Linux yana ajiye agogon madabod a lokacin UTC, ma'aunin lokaci na duniya, Windows yana ɗaukarsa lokacin gida, mu a Najeriya da Nijar kuma awa ɗaya muke gaba da UTC. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 a Linux ya isa.

Wadda ta fi cin rai ita ce mai tashi yau ta ƙi gobe. Kuskuren saiti ba ya canja ra'ayi. In adireshi ya ɓata, kullum a wuri ɗaya za ta tsaya da saƙo ɗaya. In yau Windows ne ya faɗi, gobe Linux, jibi ko tambari babu, koma kan ƙarfe. Kashe XMP ko EXPO, saitin BIOS da ke ƙara wa ram gudu, ram ya koma gudunsa na asali, ka bar Memtest86+ ya kwana yana gwaji. Duba lafiyar faifai da smartctl ko CrystalDiskInfo. Ka zargi fawa fak, akwatin da ke raba wa injin wuta, in mai araha ne marar suna, domin a nan masu haɗa inji suka fi yin tsimi, kuma wutar janareta ba ta raga masa. Da hunturu ƙura kan shiga gurbin ram, busasshiyar iska kuma tana tara lantarki a jiki, don haka a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa kayan ciki. In faifan SATA ya ɓace daga BIOS ranar da aka ƙara SSD na M.2, ba mutuwa ya yi ba. A madabod da yawa gurbin M.2 yana raba hanya da wasu bakunan SATA, yana kashe su in an cika shi, littafin madabod ya faɗi waɗanne. A duk wannan, abu ɗaya ake sauyawa a gwada. Wanda ya sauya biyar a tashi ɗaya, ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, in ta ƙara lalacewa bai san ta ina zai koma ba.

Ranar Asabar na je gidan yayata muka raba injin da tsohon faifan. Mun fara da kwafe aikin makarantarsa a wani faifai na waje. A Windows muka buɗe diskpart, muka rage ɓangaren C da shrink desired=500, muka yanka sabo da create partition efi, muka yi masa format quick fs=fat32, muka ba shi harafin S, sannan bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI. Muka tashi da filas, muka yanka wa Ubuntu nasa ESP a kan nasa SSD da GParted, muka koma cikinsa muka sa sabon UUID a layin /boot/efi na fstab, domin in aka bar tsohon, emergency mode zai tare mu da zarar faifan ya fita. Muka hau da sabon ɓangaren, muka yi grub-install da update-grub. Yanzu kowane faifai yana iya tashi shi kaɗai ko an zare ɗan'uwansa. Shi da kansa ya kashe injin, ya zare wayoyi biyun tsohon faifan, ya danna makunni. Jerin ya fito. Ya gwada Ubuntu, ya sake kunnawa ya gwada Windows, sannan ya naɗe faifan a leda ya ƙwala wa ƙanwarsa kira.